Yadda Ake Tsara Shirin Ambaliya Tare da Dattawan Unguwa

Ruwan da ke cin gari a wannan yanki namu na arewacin Kamaru da Chadi iri biyu ne, kuma duk wanda zai tsara yadda za a fitar da tsofaffi sai ya fara tantance wanne ne nasa. A Marwa da garuruwan da ke gindin duwatsun Mandara, rafukan da ake kira mayo sukan kwana da yashi zalla su wayi gari a cike da ruwa mai ƙarfi, har ruwan yakan iso unguwar da ba a yi ko yayyafi ba, domin can bisa dutse aka tafka shi. A Kuseri kuwa, da Yagwa da Maga da sauran garuruwan bakin Logon, da Injamena a tsallaken gadar Ngeli, kogi a hankali yake tasowa tun daga Agusta, kuma bai cika kaiwa matuƙarsa ba sai cikin Oktoba ko farkon Nuwamba, lokacin da damina ta ɗauke kuma mutane sun saki jiki. Na farko ba ya ba tsoho lokacin neman sandarsa. Na biyu yana ba da lokaci har ya yi yawa, a yi ta cewa gobe za a tashi, sai an wayi gari hanya ta yanke.

Shekarun baya-bayan nan sun isa hujja. A Oktoban 2022 gwamnatin Chadi ta ayyana dokar ta-ɓaci bayan ambaliya ta shafi mutum fiye da miliyan ɗaya, unguwanni irin su Waliya a Injamena suka koma sai da kwale-kwale. A 2024 abin ya fi haka muni, domin ya shafi kusan mutum miliyan biyu a Chadi, fiye da 500 suka rasu, a ɓangaren Kamaru kuma yankunan Mayo-Danay da Logon-da-Shari suka sha ruwa sosai. A irin wannan hali tsofaffi ne suka fi shiga haɗari, kuma ba don talaucinmu kaɗai ba ne. A girgizar ƙasa da igiyar ruwan da ta auka wa Japan a 2011, fiye da rabin waɗanda suka rasu sun haura shekara 60, haka ma a guguwar Katrina da ta afka wa Amurka a 2005. Shi ya sa tsarin rage haɗarin bala'o'i da ƙasashen duniya suka amince da shi a birnin Sendai a 2015 ya ambaci tsofaffi, ya ce a sa su cikin masu tsara shiri saboda iliminsu da gogewarsu. A ganina wannan shi ne ginshiƙin aikin gaba ɗaya, kuma dalilin a fili yake ga duk wanda ya san gidajenmu: dattijon da aka tsara masa fita ba tare da an zauna da shi ba, ranar da ruwa ya zo ba zai tashi ba, kuma idan bai tashi ba matarsa da jikokinsa ma ba za su tashi ba.

Rubuta su da sunayensu

Aikin yana farawa tun cikin rani, a watan Mayu ko Yuni, kafin noma ya ɗauke hankalin kowa. Mai unguwa, ko bulama ko jauro, gwargwadon yadda ake kiransa a wurinku, ya zaɓi mutum huɗu ko biyar da aka yarda da su, kuma lalle a samu mace a ciki, domin akwai ɗakunan da namiji ba ya shiga. Su bi gida gida da littafi. Yarjejeniyar Tarayyar Afirka kan haƙƙin tsofaffi ta 2016 ta ɗauki shekara 60 a matsayin farkon tsufa, kuma ƙungiyoyin agaji da yawa da wannan suke aiki, don haka a rubuta shekaru. Amma kada shekaru su zama ma'auni kaɗai, domin da yawa daga cikin iyayenmu an rubuta musu shekarar haihuwa ne bisa ƙiyasi, kuma akwai mai shekara 75 da ke zuwa gona da ƙafarsa, akwai mai 58 da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar. Abin da ya kamata a tambaya shi ne: yana iya tafiya daga ƙofar gida zuwa masallacin unguwa ba tare da an riƙe shi ba? Yana jin kiran salla daga ɗakinsa? Yana gani da dare? Wane magani yake sha kullum? Wa yake kwana kusa da shi?

Waɗanda aka fi mantawa su ne waɗanda ba su da mai magana da yawunsu. Akwai tsohuwar da ba ta haihu ba, tana zaune a ɗakin ƙarshen gidan ɗan ƙanin mijinta. Akwai kakar da 'ya'yanta suka tafi neman kuɗi Duwala ko Yawunde suka bar mata jikoki uku ko huɗu, wadda a kan takarda mutum ɗaya ce amma a ranar gudu mutum huɗu ko biyar ce. Akwai malamin tsangaya da ya tsufa, almajirai talatin na kwana a zaurensa. Akwai mai gigin tsufa, wanda iyalinsa ke jin nauyin a san halin da yake ciki. Sai kuma matar da ke cikin takaba, wadda za ta ga bai halatta ta bar ɗakin mijinta ba kafin wata huɗu da kwana goma su cika. Wannan tana bukatar liman ya gaya mata tun da wuri cewa lalura ta halatta mata fita.

A yi wa mutane bayani tun a bakin ƙofa cewa wannan ba rajistar rabon kaya ba ce. Idan aka bari suka ɗauka shinkafa ce za ta zo, kowane gida zai haifi tsoho uku, kuma in shinkafar ba ta zo ba, baɗi ba wanda zai buɗe ƙofa. Littafin ya zama kwafi biyu, ɗaya a hannun mai unguwa, ɗaya a gidan da ke kan tudu, kuma ba abin da za a riƙa yaɗawa a WhatsApp ba ne, domin yana ɗauke da sirrin lafiyar mutane da labarin wanda ke kwana shi kaɗai.

Zaman neman sani

Bayan rubutu sai a kira zama, a zauren mai unguwa ko bayan la'asar a harabar masallaci, a zaunar da dattawa a matsayin masu ba da bayani. Tambayoyin su kasance na zahiri. A babbar ambaliyar da kuka taɓa gani, ina ruwa ya tsaya? Ta wace kusurwa ya fara shigowa gari? Wane fili ne bai taɓa nutsewa ba? Ina tsohon kwari yake, wanda yanzu aka cike aka yi gini a kansa? Wace rijiya ce ba ta gurɓacewa? Sau da yawa za a ga cewa layin da ruwa ke bi yau tsohuwar hanyarsa ce da dattawa suka sani tun suna kamun kifi a wurin, kafin a yanka filaye. Idan mai iya tafiya ya nuna bango ko bishiyar da ruwa ya taɓa kaiwa, a je tare da shi a shafa fenti a daidai wurin, a rubuta shekara. Tsofaffin mata a yi musu nasu zaman dabam, domin a gaban maza ba za su yi magana ba, alhali su ne suka san yadda aka rayu a farin 1973 da na 1984, da irin abincin da ke jurewa ajiya, da gidan da ke da mai ciki ko jariri.

Sai dai a yi wannan da hankali, domin ƙasar ta canza. Madatsar Maga da aka gina a 1979 don noman shinkafa, da shingayen da ke bakin Logon, sun sauya yadda ruwa ke bazuwa a fadama, gine-gine sun toshe magudanai, kuma a 2012 mutanen Garwa da na bakin Binuwai sun ga abin da sakin ruwan madatsar Lagdo ke iya yi. Mutanen Maiduguri ma cikin dare ruwan madatsar Alau ya same su a Satumban 2024. Saboda haka maganar "ruwa bai taɓa zuwa nan ba" shaida ce a kan abin da ya wuce, kuma dole a haɗa ta da sanarwar hukuma da ta rediyo. Wanda ya fi dacewa ya faɗi wannan a wurin zama shi ne wani dattijo ɗan uwansu wanda ya riga ya gamsu, ba saurayi mai waya a hannu ba.

Idan dattijo ya ce ba zai tashi ba

Nan ne shiri da yawa ke rushewa, don haka a nan ya kamata a fi ɓata lokaci. Ƙin tashi ba taurin kai ba ne kawai. Mutum ne da ya gina ɗakin nan da hannunsa, rumbunsa yana nan, awakinsa suna nan, kabarin iyayensa yana bayan gari, kuma ya san cewa gidan da aka bari ba kowa ɓarayi ke fara shiga. Yana kuma tsoron abin da ba zai faɗa ba, wato ya kwana a ajin makaranta tsakanin surukai da jikoki, ba wurin kewayawa, ba wurin alwala, a ga rauninsa. Tsohuwa kuma tana tunanin wa zai taimaka mata ta tsuguna. In ba a amsa waɗannan ba, duk wani bayani a kan haɗari iska ne.

Hanyar da ta fi aiki ita ce a sa shi ya yanke hukuncin da bakinsa tun ruwa bai zo ba. Babban ɗa ko wanda yake jin nauyinsa ya same shi shi kaɗai, ya durƙusa ya gaishe shi, sannan ya ce: "Baba, shawara muka zo nema. Ku kuka san ruwan nan fiye da mu. In Allah ya kawo shi bana, ina zai kai ku ce mana a kwashe yara?" Idan ya ce sai ya taɓa gindin tsamiyar bakin hanya, sai a ce: "To Baba, mun ji. Ranar da ya taɓa tsamiya za mu zo da amalanke. Amma Inna da yaran nan ba za su yarda su tafi su bar ku ba, sai dai ku shige mana gaba." A maimaita wannan magana a gaban mai unguwa ko liman, domin ta zama alkawarin da shi ya ɗauka. Ranar da ruwa ya taɓa tsamiya, ba wanda ke ba shi umarni. Maganarsa ake tuna masa. Idan alamar da ya zaɓa ta yi kusa da gida ƙwarai, a roƙe shi ya ja ta baya saboda masu ciki da ƙananan yara, kuma galibi zai yarda don su abin da ba zai yarda don kansa ba.

A kuma warware masa damuwar dukiya a aikace. A faɗi sunan wanda zai kora dabbobi zuwa tudu da ranar da za a yi, a kwashe hatsi a kai gidan ɗan uwa tun kafin hanya ta lalace, a naɗa samari biyu da za su riƙa zagaya gidajen da aka bari. Wanda ya kawo maganar ƙaddara, a bar wa malami ya amsa masa, kuma malamai ba su rasa abin faɗa ba: Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci mai raƙumi ya ɗaure shi sannan ya dogara ga Allah, kuma da Sayyidina Umar ya juya daga ƙasar da annoba ta ɓarke aka ce masa ko yana gudun ƙaddarar Allah ne, ya amsa cewa daga ƙaddarar Allah suke gudu zuwa ƙaddarar Allah. A unguwannin da ke da Kiristoci a nemi fasto ko fada ya yi irin wannan aiki a wurin nasa mutanen. Abin da ba a so shi ne tsawa da ɗaukar mutum cak a gaban jama'a, sai fa in ruwa ya riga ya shigo ɗaki, wanda a lokacin ceton rai ya rinjayi komai. Mai gigin tsufa shi ma ba a yi masa gardama. Wanda ya saba da shi ne zai riƙe hannunsa ya ce su je gaishe da wane.

Isar da gargaɗi da fitarwa

Saƙon waya ba ya isa ga wanda ba ya karatu, lasifikar masallaci ba ta isa ga wanda kunnensa ya yi nauyi, kuma da dare ana ruwa a kan kwano ko mai lafiya ba ya jin shela. Saboda haka kowane tsoho da ke cikin littafi a rubuta masa mutum biyu da sunayensu, waɗanda aikinsu shi ne su je ƙofarsa da ƙafarsu. Mutum biyu ake so saboda ɗaya yana iya tafiya kasuwa ko ya shagala da nasa iyalin. Su kasance maƙwabta na kusa, kuma shi tsohon ya san su ya yarda da su, tsohuwa kuma a haɗa ta da mace aƙalla ɗaya. A yi shela da harsunan da ake ji a unguwar, Hausa da Fulatanci da Larabcin Shuwa ko Musgum ko Kotoko, domin tsofaffi da yawa ba sa jin Faransancin sanarwar hukuma.

Ƙa'idar ita ce tsofaffi su fita tun hanya tana bushe, da rana, kwana ɗaya ko biyu kafin sauran jama'a. Ruwa mai gudu da bai wuce idon sawu da yawa ba yana iya kayar da babban mutum, balle mai dogara sanda a kan laka. A san tun yanzu amalanken wa za a ɗauka, ko keke mai ƙafa uku na wa, a ajiye kuɗin mai, ko da jaka biyu ko uku ne daga asusun unguwa. A wuraren mayo, inda ba a samun wannan lokacin, mafita ita ce tun farkon Agusta a mayar da wurin kwanan tsoho zuwa ɗaki mai ƙarfi kusa da ƙofa, ko gidan ɗa da ke nesa da gaɓa. Ginin ƙasa da ya sha ruwan kwana biyu yakan faɗi cikin dare, kuma wanda ba ya iya zabura shi yake dannewa, don haka in an ga bango ya tsage ko gindinsa ya jiƙe ya yi baƙi, a fitar da shi a daren nan.

Idan ta kai ga kwale-kwale, a yi shi a tsanake. Mutum ɗaya ya tsaya cikin ruwa ya danne gefen jirgin a jikinsa don kada ya yi lilo. Biyu su ɗauki tsohuwa a kan kujerar roba ko cikin bargo mai ƙarfi, ba ta hammata ba, domin kafaɗar tsoho tana saurin gocewa. A zaunar da ita a ƙasan jirgin a tsakiya, bisa tabarma, ba a kan katakon gefe ba, wata mace ta zauna a bayanta ta rungume ta, a gyara mata zaninta kafin a tura. A sa sandarta da butarta a gefenta, domin su ne farkon abin da za ta tambaya in an sauka. Kada a cika jirgin da buhuna saboda an ga sauran wuri.

Jakar da za ta bi shi

Kowane tsoho ya kasance da ƙaramar jaka a rataye kusa da shimfiɗarsa tun daga Yuli, wadda yaro ɗan shekara goma zai iya ɗauka. A ciki a sa katin ɗan ƙasa da takardun fili ko na fansho da katin asibiti, a nannaɗe su cikin leda biyu a ƙulle, a kuma ɗauki hotonsu a wayar ɗa ko jika. Sai maganin da yake sha kullum, na hawan jini ko na suga ko na asma, wanda zai kai aƙalla mako biyu, a cikin kwalinsa na asali. Wannan na kwali yana da muhimmanci, domin idan aka juye ƙwayoyi cikin ƙullin leda, ma'aikacin lafiya a sansani ba zai gane "ƙaramin fari da nake sha da safe" ba. A roƙi ma'aikacin asibitin unguwa ya rubuta sunan kowane magani da yadda ake shansa a takarda ɗaya. Maganin hawan jini ba a yanke shi kwatsam don an bar gida. Mai allurar insulin ya nisanta ta daga rana, ya sa kwalbar cikin leda a ƙaramin tulun ƙasa mai jiƙaƙƙen yashi. A ƙara tabarau, tocila, carbi, gidan sauro, mayafi mai kauri, takalmin da ba ya santsi, sabulu, da ɗan garin kunu da dabino. Mai cin goro a sa masa goronsa. Abin kamar wasa, amma rashinsa yana hana wasu dattawa sukuni fiye da rashin katifa.

Idan kuɗinsa a waya yake, ta Orange Money ko MTN a Kamaru, ko Airtel da Moov a Chadi, a tabbata mutum ɗaya amintacce ne ya san lambar sirri, kuma a riƙe ɗan tsabar kuɗi, domin in wuta ta ɗauke waya ba ta da amfani.

A wurin da aka sauka

Gidan dangi ya fi wa tsoho sansani nesa ba kusa ba, don haka a nemi wannan tun da wuri, a tambayi mai gidan, a kai masa ɗan hatsi. In kuwa dole sai makaranta ko tanti, wakilin unguwa ya je wurin masu kula da wurin, ko jami'an magajin gari ne ko 'yan Red Cross, da littafinsa a hannu, ya nemi abubuwa ƙalilan amma a fili. A ba tsofaffi wurin da ke kusa da ƙofa da ban-ɗaki. Ma'aunin da ƙungiyoyin agaji ke bi ya ce ban-ɗaki kada ya wuce mita 50 daga wurin kwana, wurin ɗiban ruwa kada ya wuce mita 500, kuma kowane mutum ya samu aƙalla lita 15 a rana, amma mita 50 cikin duhu da taɓo tafiya ce mai nisa ga mai ciwon gwiwa. A kafa igiya ko itace da zai riƙe, a huda tsohuwar kujera a ɗora a kan rami, a ajiye fo da labule ga wanda ba ya iya fita.

Layin rabo shi ne inda ake zaluntar tsoho ba tare da kowa ya yi niyya ba. Ana tsayuwa awa uku a rana, ana turereniya, abin da za a bayar kuma buhu ne mai kilo 50 ko jarka mai lita 20, wadda nauyinta kilo 20 ne. Tsohuwa takan haƙura ta koma, ko ta ba yaro wani kaso ya ɗaukar mata. A nemi layi dabam mai inuwa da wurin zama, ko a yarda wakilin da ta zaɓa da bakinta ya karɓar mata, a kai mata har shimfiɗa. A duba kuma ko abincin yana ciyuwa, domin wanda ba shi da haƙora dafaffen wake da tsakin masara ba su yi masa ba, sai kunu da tuwo mai laushi. Kakar da ke riƙe da jikoki a sa mata ido, domin za ta ba su nata ta ce ta ƙoshi.

Bayan ambaliya amai da gudawa kan biyo, kuma jihar Arewa Mai Nisa ta Kamaru ta ga mummunar kwalara a 2010. Tsoho ba ya jin ƙishirwa kamar yaro, kuma jikinsa yana saurin bushewa. A tafasa ruwan sha ko a sa masa ƙwayar tsarkake ruwa a jira minti 30. Da zarar gudawa ta fara, a ba shi ruwan gishiri da sukari, ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, sannan a kai shi wurin ma'aikacin lafiya a ranar, tare da takardar magungunansa. Rikicewar tunani ta farat ɗaya ga tsohon da jiya lafiyarsa ƙalau alama ce ta ciwo, ba tsufa ba ne. Kuma tun da ruwan kogi yakan daɗe bai janye ba, hunturun Disamba yakan tarar da mutane a tanti, a lokacin bargo ya zama magani.

A sansanin ma akwai aikin da ba mai iya shi sai su. Idan aka zaunar da dattijo da dattijuwa a matsayin shaidu a wurin rabo, ƙorafi yana raguwa, domin sun san gidan kowa da yawan mutanensa. Su ne ke sasanta faɗan mata a bakin famfo, su riƙe yara yayin da iyaye suka koma duba gida, su tsaya a kan wankan gawa da jana'iza. A ƙasar da rikicin ruwa da wuraren kiwo tsakanin masunta da masu shanu ya kori dubban mutane daga Logon-Birni da Kuseri zuwa Chadi a 2021, ba ƙaramin abu ba ne a samu tsofaffin da suka san juna tun ƙuruciya daga kowane ɓangare suna zaune a tabarma ɗaya. Dattijon da aka ba aiki kuma ya fi cin abinci da yin barci a kan wanda aka ajiye a kusurwa ana yi masa sannu.

Littafin nan da mutum biyun nan suna amfani a wasu masifun. A zafin Afrilu, lokacin da ma'auni ke haura digiri 40 a Marwa da Injamena, su leƙa tsohon sau biyu a rana, su fitar da shi daga ɗakin kwano zuwa inuwa, su jiƙa masa mayafi, su sa shi shan ruwa, in kuma azumi ne malami ya tuna masa sauƙin da shari'a ta yi wa wanda ba ya iyawa. A wurin gobara ko gudun tashin hankali ma, tambayar ɗaya ce, wato wa zai je ƙofar wane.

Komawa gida kada a yi gaggawarta da tsofaffi. Matasa su fara zuwa su duba bango, su kori macizai da kunamu da suka fake a ɗakuna, su yashe rijiya a zuba mata magani, su bar ɗaki ya bushe. A yi gayya a fara gyara ɗakin wanda ba shi da ɗa namiji a kusa, a ɗaga dandamalinsa sama da alamar da ruwan bana ya bari. Inda ruwa ya shafe iyakokin gonaki, a fita da dattawa su nuna su kafin kowa ya dasa masakwa, a gaban mai unguwa da shaidu. Sannan a zauna da su a buɗe littafin, a cire waɗanda suka rasu, a ƙara waɗanda ƙarfinsu ya ragu a cikin shekarar, a sauya sunan mataimakin da ya yi ƙaura, a kuma tambaye su ko alamar tsamiya ta ba da isasshen lokaci ko sai an ja ta baya kafin damina mai zuwa.